A GYARA SIRDI KAFIN A KAMA HANYA

Iyayenmu da suka yi fatauci a kan doki ba sa barin gida sai sun duba sirdi, sun ɗaure majayi. Mu da muka koma kan moto fa? Mutum zai canza taya, ya zuba sabon mai a inji, har ya sayi ƙaho mai kukan jirgi, amma wurin da zai zauna wuni guda ko kallonsa ba ya yi.

Ni kaina na yi wannan sakaci. Wata Alhamis na taso daga Damagaram tun asuba zuwa kasuwar Maigatari, na isa ƙugu ya riƙe, ƙafa ta mutu. Dillali ya kalli tafiyata kawai ya gane a gajiye nake. Bijimin da ya kamata in zagaya, in buɗe bakinsa, in sa a kora shi in ga takunsa, daga gindin bishiya na yi cinikinsa. Sai a hanya na ga yana ɗingishi. Abin da na yi asara ran nan ya isa gyaran sirdi goma.

To, ina gyaran yake? Da yawanmu muna ɗaura matashin kai ko mu sa a ƙara soso mai laushi. Wannan kuskure ne. Soso mai laushi daɗinsa na farkon tafiya ne. Kafin awa guda ya lotse, sai ka ji kana zaune a kan ƙashin sirdin. Ka ce wa mai kushin ya sa soso mai tauri a ƙasa, ya shimfiɗa siriri mai laushi a bisa, ya ƙara faɗi ta baya inda nauyi yake sauka, ya kuma baje gangaren nan da yake zame mutum zuwa tanki. Amma kada ya ƙara tudu. Wanda ya san yashin hanyoyin daji wajen Dungas ko Tanut ya san dole ƙafa biyu su taɓa ƙasa da sauri.

Abin ban dariya, mu ne masu dabbobi, amma a kan leda muke zama tana gasa mu. Buzun rago da aka jeme da kyau yana shan zufa, iska na ratsa shi, kuma rana ba ta zafafa shi kamar leda. A ɗaure shi tam da roba, don buzu mai santsi haɗari ne.

Sai kuma damin kuɗi. Sefa ce ko naira, a cire ta daga aljihun baya. Tana karkata zama, tana danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Shokazoba ta baya ma tana da matakai, bakanike na iya juya ta daidai da nauyinka da na yaron da ka goyo. Kuma ko sirdin sarki ne, a sauka duk bayan awa ɗaya a ɗan taka.

Shawarata ga shugabanninmu: ƙungiya ta yi magana da mai kushin guda da baduku guda a kowane babban gari, a tsayar da farashi ga masu katin ƙungiya. A fara da yaranmu masu bin garke da moto, don su ne suka fi mu daɗewa a kai, kuma kunya ba ta barinsu su ce wa maigida baya na ciwo.