Katin Asibitin Soja: Wa Ya Shafa A Gida, Wa Bai Shafa Ba?

 A makon nan za mu duba wani abu da ya shafi gidaje da yawa a Bici da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wato inshorar lafiyar sojoji da iyalansu. Da wuya a rasa unguwar da ba ta da ɗa a soja, kuma a cikinmu akwai masu burin zuwa Dafo ta Zariya ko makarantar NDA ta Kaduna bayan sakandare. Sau da yawa soja yana can bakin aiki a Borno ko Zamfara, matarsa da yara suna nan gida. Idan zazzaɓi ya kwantar da yaro, sai a sayar da buhun gero ko akuya a kai shi asibiti, alhali sunan yaron yana cikin tsarin da gwamnati ta riga ta biya masa.

Mu fara da ma'anar inshorar. Ta yi kama da aikin gayya: kowa ya kawo nasa ƙarfin, a taru a gonar wanda ya fi buƙata a ranar. Ana tara kuɗi tun ana lafiya, duk wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun. Shi ya sa a Kano ake ce da irin wannan tsari taimakekeniya.

An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka ƙaddamar da shirin NHIS a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa. Sojojin ƙasa da na ruwa da na sama suna da kamfaninsu na musamman mai suna DHML, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro. Shi ne yake tsakanin soja da asibiti: ya riƙe rajista, ya biya asibitoci, ya ba da izinin tura mara lafiya gaba. Tsofaffin sojoji masu karɓar fansho su ma suna cikin tsarin.

To, wa katin ya shafa? A ƙa'idar shirin ma'aikatan tarayya, mutum shida ne: ma'aikacin, da mata ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A nan ne gidajenmu suke cin karo da matsala. Sojan da ke da mata biyu da 'ya'ya tara, rabin gidansa yana waje. Baba da Inna da suka haife shi ba sa ciki. Ƙanin da yake riƙo shi ma ba ya ciki. Akwai hanyar ƙara mutane, amma da ƙarin kuɗi, kuma sai an nema an cike takarda. Jariri ma ba ya shiga don kawai an haife shi a gidan soja, sai uban ya kai takardar haihuwa an sa sunansa.

Abu na biyu shi ne asibitin farko. Kowane mai rajista yana da asibiti ɗaya da aka ɗora sunansa a kai, kuma ana biyan asibitin kuɗi a kan kowane mutum, ya zo ko bai zo ba. Nan ake fara zuwa don zazzaɓi da gudawa da awon ciki da haihuwa. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, likita zai rubuta takardar turawa, kamfanin inshora ya ba da lambar izini, sannan a wuce babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Wanda ya tsallake wannan mataki ya tafi kai tsaye, zai iya biya daga aljihunsa, sai dai in larurar ta gaggawa ce.

Yanzu a duba abin da ke faruwa. An yi wa iyali rajista a asibitin barikin da maigida yake lokacin aure. Aka yi masa canjin wurin aiki, matar ta dawo Bici wajen dangi, amma sunanta yana can. Katin yana jaka, asibitin da ya san katin yana nisan ɗaruruwan kilomita. Maganin wannan shi ne neman sauya asibiti zuwa mafi kusa cikin waɗanda hukuma ta amince da su. Maigida ne zai nema ta ofishinsu, don haka sai an tuna masa kafin ciwo ya zo.

Abu na uku ya shafe mu kai tsaye. Ranar da ɗan soja ya cika 18, sunansa ya fita daga katin mahaifinsa, kuma daidai lokacin ne yake shirin shiga babbar makaranta. A Amurka, tsarin sojojinsu mai suna TRICARE yana riƙe yaro har shekara 21, ko 23 idan ɗalibi ne. Mu a nan, abin da ke cike giɓin shi ne shirin TISHIP na ɗaliban manyan makarantu, wanda ake biyan kuɗinsa tare da kuɗin rajista. Duk wanda ya samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici ko Jami'ar Bayero, ya je asibitin makaranta ya buɗe fayil tun makon farko. Waɗanda ba sa cikin kowane tsari kuwa, su tambayi hukumar KSCHMA ta Jihar Kano.

A kuma sani cewa katin bai ɗauke komai ba. Tiyatar kwalliya da fita ƙasar waje neman magani ba sa cikin tsarin gama-gari. Sannan wani lokaci a je a tarar maganin da likita ya rubuta ya ƙare. Idan haka ta faru, ko aka nemi kuɗin da ba a gane ba, a karɓi rasit, a rubuta ranar, a kai ƙorafi ofishin DHML ko na NHIA.

Ga aikin gida na wannan mako ga duk wanda ke da soja a gidansu. Ka zauna da Mama ko matar Yaya, ku duba abu huɗu: sunayen su wa ke cikin rajista, wane asibiti aka zaɓa, ko kowane yaro yana da takardar haihuwa da lambar NIN, da kuma lambar wayar da za a kira idan asibiti ya ƙi karɓar kati. Ku rubuta su a takarda ɗaya ku ajiye tare da katin. Mu ne muka yi boko a gidan, wannan aikin namu ne. Soja yana tsaron ƙasa, bai kamata hankalinsa ya rabu biyu saboda kuɗin allurar ɗansa ba.

Allah Ya kare dakarunmu, Ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.