Goge foldar ɗan kutse ba shi ne ƙarshen magana ba

A ofisoshin Dutse da na ƙananan hukumomi irin su Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, takardun albashi, sakamakon ɗalibai da bayanan marasa lafiya suna ta komawa cikin kwamfuta. Galibi akan tara su a babbar kwamfuta guda, wadda ake kira saba. Wata safiya mai kula da ita sai ya tarar da wata folda da bai ƙirƙira ba. Ya danna gogewa, ta ƙi. Ya yi ƙoƙarin sauya mata suna, nan ma ta ƙi.

Babu tsafi a ciki. Tsohuwar dabara ce da masu kutse suka yi ta amfani da ita tun farkon shekarun 2000, lokacin da suke ɓoye finafinai da manhajojin sata a sabobin da aka bari a buɗe. Windows ta keɓe wasu sunaye tun zamanin DOS, kamar CON, PRN, AUX, NUL, COM1 da LPT1. Idan ɗan kutse ya lallaɓa ya sa wa folda ɗaya daga cikinsu, ko ya ƙare sunanta da ɗigo ko fili, ko ya jera folda cikin folda har adireshin ya wuce haruffa 260, hanyar gogewa ta yau da kullum ba za ta yi aiki ba. Wani lokaci kuma ikon mallakar foldar yake ƙwacewa.

Maganin wannan ba shi da wuya. Umarnin takeown da icacls suna dawo da ikon mallaka. Umarnin rd /s /q, idan aka sa \\?\ a gaban cikakken adireshin foldar, yana goge ta duk da haramtaccen sunan. A Linux kuwa, chattr -i ke cire kullen da aka sa wa fayil.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Foldar alama ce kawai ta cewa wani ya shigo. Wanda ya goge ta ya koma kan kujerarsa ya kashe maciji bai sare kansa ba, kuma ya share sawun ɓarawo da hannunsa.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne cire sabar daga intanet. Sai a kwafi abin da ke cikinta tare da rajistar shige da fice, domin su ne shaida. Bayan haka a nemo ƙofar da aka bi: kalmar sirri mai rauni, asusun tsohon ma'aikaci da ba a rufe ba, ko manhajar da aka daɗe ba a sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Sabar da baƙo ya sami cikakken iko a kanta ba abar amincewa ba ce, gara a sake ɗora mata komai daga tsaftataccen ajiya, a kuma sauya dukkan kalmomin sirri.

Akwai kuma batun doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan kutsen zai iya jefa masu bayanan cikin haɗari. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 shi ma ya sanya wa'adin awa 72 na kai rahoto.

Abin da ke sa a yi shiru shi ne tsoro. Ƙaramin ma'aikaci ya san idan ya faɗa, shi za a fara tuhuma, don haka sai ya goge ya rufe bakinsa. Wannan nauyi yana wuyan shugabannin ma'aikatu: su sa a rubuce cewa wanda ya kai rahoton kutse da wuri ba zai fuskanci hukunci ba, su kuma ware kuɗin ajiyar bayanai da sabunta manhaja a kasafin shekara. Malamin da albashinsa zai iya salwanta da ɗalibar da za a iya sauya wa sakamako ba su da hanyar sanin an taɓa bayanansu, sai an gaya musu.