Enron: mai gadi da ɓarawo a akushi guda

Ranar 2 ga watan Disamba 2001, kamfanin Enron na birnin Hustan, wanda ake ƙirgawa na bakwai cikin manyan kamfanonin Amurka, ya kai kansa gaban alƙali ya ce ya karye.

Shugabanninsa sun ɗauki shekaru suna yi wa lissafi kwalliya. Ribar da ake fatan samu cikin shekaru goma, sai su rubuta ta tun ranar da aka sa hannu bisa kwangila. Basussuka kuwa, sai a tura su cikin wasu ƙananan kamfanoni da Andrew Fastow, mai riƙe da kuɗin gidan, ya ƙirƙiro, don kada su fito a takardun ƙarshen shekara. Da asiri ya tonu, hannun jarin da ya kai dalar Amurka 90 a watan Agusta 2000, dala guda ma bai kai ba ƙarshen Nuwamba 2001.

Wane ne ya biya? Ma'aikata wajen 4,000 aka sallama nan take. Fiye da rabin ajiyar tsufansu hannun jarin Enron ne, aka kuma hana su sayarwa na ƴan kwanaki alhali farashi na gangarowa. Manya sun riga sun sayar da nasu. Ƙaramin ma'aikaci ya yi asara biyu: albashin yau da guzurin gobe.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kamfanin Arthur Andersen, mai binciken lissafin Enron, ya karɓi dala miliyan 25 ladan bincike a shekarar 2000, da wasu miliyan 27 ladan shawara. Wanda ke cin tuwon gida haka, ta yaya za shi tona asirin maigida? Shi ma ya rushe a 2002.

An yanke wa Jeffrey Skilling ɗaurin shekaru 24 a 2006, aka rage, ya fito a 2019. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta hana mai bincike yi wa kamfanin da yake dubawa galibin ayyukan shawara. Doka ce mai kyau, amma ba ta maido wa tsoho guzurinsa ba.

Saboda haka wajibi ne ƙungiyoyin ƙwadago da ƙananan masu jari, ko'ina suke, su nemi haƙƙin ganin littattafan lissafi, su kuma san wanda ke biyan mai binciken. Tambayar nan tun kamfani na tsaye ake yin ta.