Dokar Shige da Fice: A Bi Hujja, Kada a Bi Kama

Kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo cikinta da wanda ya fita. A Nijeriya, wannan aiki yana wuyan Hukumar Shige da Fice ne, bisa dokar 2015 wadda ta maye gurbin ta 1963. Sai dai aiwatar da dokar a Sakkwato yana da sarƙaƙiya, domin iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni ta ratsa ne ta tsakiyar jama'a ɗaya. A unguwa irin Minanata, ba abin mamaki ba ne a sami magidancin da kawunansa ke Tawa. Harshe ɗaya, sutura ɗaya, addini ɗaya; to da me jami'i zai bambance baƙo da ɗan ƙasa?

Amsar ita ce hujja. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. A Janairun 1980, gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, zuwa Cadi bisa zargin cewa baƙo ne. Daga baya kotu ta tabbatar masa da zamansa ɗan Nijeriya. Idan zato ya iya fitar da ɗan majalisa daga ƙasarsa, ina ga talakan da ba shi da lauya? Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta korar ɗan ƙasa, amma wanda ba shi da takarda yakan sha wuya kafin ya ci moriyar wannan kariya. Lamarin ya ƙara nauyi tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta halatta zaman kwana 90 ba tare da biza ba.

Saboda haka, wajibi ne hukumomi su sauƙaƙa wa jama'a samun takardar haihuwa da lambar zama ɗan ƙasa, su kuma hukunta duk jami'in da ya mai da shingen bincike wurin karɓar na goro. Malamin makaranta ma yana da nasa kason. Shi ne yake fara rubuta sunan yaro a rajista, don haka shi ya fi dacewa ya tunatar da iyaye su yi wa ɗansu takardar haihuwa tun yana aji ɗaya.