Bindigar Yaro: Ɗan Hakin da Ka Raina

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, a ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda ya kamata ku ji labarinta, domin iskar da ta kaɗa can ta soma kaɗowa nan. A ƙauyukansu na manoma da mafarauta, idan yaro ya tasa, uba yakan saya masa bindiga don ya koyi harbi. Abin da iyaye ke shawara a kai shi ne, wace iri ce ta dace da yaro?

Wadda suka saba zaɓa ita ce mai lamba .22, watau wadda kaurin harsashinta bai kai rubu'in inci ba. Tun 1887 ake yin wannan harsashi. Yana da araha, ba shi da ƙara ƙwarai, bindigar kuma ba ta dukan kafaɗar mai harbi. Masu hankali daga cikinsu sukan ƙara sharuɗɗa. Su ce ta zama mai cin harsashi ɗaya tak, in an harba sai an buɗe an sa wani da hannu. Gindinta ya zama gajere daidai hannun yaro, kada kuma ta yi nauyin da bakinta zai riƙa lilo. Uba ya tsaya a bayan yaro muddin tana hannunsa, in an gama ya kulle ta, ya ajiye harsashi wani wuri dabam. Wannan duk magana ce ta gaskiya, ba mu raina ta ba.

To, amma ku 'yan kasuwa kun san sirrin ciniki. Wanda ya saba da rumfarka tun yana yaro, shi ne mai sayen kayanka har ya yi furfura. Masu ƙera bindiga ma sun san haka. A Jihar Fensilbaniya akwai wani kamfani, Keystone Sporting Arms, wanda aka kafa a 1996. Yana ƙera wata 'yar bindiga mai suna Crickett musamman don yara, kirarin da ya yi mata wajen talla kuwa shi ne "bindigata ta fari". Ana yi mata launi kamar kayan wasa, har da ruwan hoda don 'yan mata. A shekarar 2008 kaɗai kamfanin ya ƙera bindigogin yara wajen 60,000. Ashe kafin uba ya zauna yin shawara, mai kaya ya riga ya yi masa zaɓi.

Ran 30 ga Afrilu, 2013, a wani ƙauye na Jihar Kentaki, wani yaro ɗan shekara 5 ya ɗauki irin wannan bindiga da aka ba shi kyauta. An jingine ta a lungun ɗaki, mutanen gidan ba su san da sauran harsashi a ciki ba. Uwar ta ɗan fita waje ke nan, sai bindiga ta tashi, ta sami ƙanwarsa 'yar shekara 2, ta rasu. Bindigar ta cika yawancin sharuɗɗan nan, ga ta gajera, ga ta maras nauyi, ga ta mai harsashi ɗaya. Ɗayan nan ya isa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A jikin kwalin wannan harsashi da ake kira ƙarami akan rubuta gargaɗi cewa yana iya yin ɓarna daga nisan da ya fi mil guda.

Sai ku tambaya, ina hukuma? A 1972 Amurka ta kafa hukumar da ke duba lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a. Tana da ikon janye gadon jariri ko 'yar tsana daga kasuwa in ta ga haɗari, amma Majalisa ta hana ta taɓa bindiga. Tun 1988 doka ta ce a sa wa bakin bindigar wasa alama mai ruwan lemo, ga ta gaske kuwa ana yi mata fenti kamar ta wasa ba mai cewa uffan. Dokar tarayya ta hana mai kanti ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba doguwar bindiga, amma ba ta hana uba ya saya ya ba ɗansa ba. A 2005 kuma Majalisa ta yi dokar da ta kare masu ƙera bindiga daga yawancin ƙararrakin neman diyya. Riba ta kamfani, jana'iza ta iyaye. A 2020 harsashi ya zama abin da ya fi kome kashe yara da samari 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, ya wuce haɗarin mota.

Me ya kawo wannan magana a jaridarmu? Ga dalili. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Zamfara ta yi shela cewa mutane su nemi lasin su mallaki bindiga don su kare kansu daga 'yan fashin daji. Ba mu zargin wanda aka ƙone wa rumbu, aka kore wa shanu, don ya yi marmarin makami. Wanda ya san zafin abin shi ya san dalilinsa. Amma idan mai mulki ya ce wa talaka ya je ya tsare kansa, ya faɗa da bakinsa ke nan cewa aikin da ya karɓi haraji dominsa ya gagare shi. Shi babban mutum yana da 'yan sanda a ƙofar gida, yana da akwatin ƙarfe mai makulli. Talaka fa, mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida, ina zai ajiye bindiga? Sai bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado, inda hannun yaro ke kaiwa kowace safiya. Kuma ran da bindiga ta zama haja a kasuwarmu, masu kuɗi ne za su sami lasin shigo da ita, sa'an nan za ku ga an fara yi wa 'ya'yanku talla.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ba da lasin bindiga ga wanda bai kai shekara 17 ba. Muna kira kada a sassauta wannan ko da shekara guda. Wanda kuma ya mallaki bindiga bisa doka, maharbi ne ko mai gadi, lalle ya cire harsashi ya kulle ta kafin ya kwanta, kada ya ce ai ƙarama ce. Duk ɗan takarar da ya zo kasuwa neman ƙuri'arku, ku tsayar da shi ku tambaye shi 'yan sanda nawa zai kawo ƙauyenku, da kuma ranar da zai kawo su. In ya ce ku sayi bindiga, ku ce masa kun ji labarin Amurka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba talaka sa'a, amin.