Hular kwano ba ta tsare ƙwaƙwalwa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, amma ya sha bamban da balon da aka sani a nan. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake gudu da shi, kuma aikin abokin hamayya shi ne ya tari mai gudun ya kayar da shi ƙasa da ƙarfin tsiya. Ko wane ɗan wasa yana sanye da hular kwano da sulken kafaɗu. Akwai ƙungiyoyin yara, kamar wadda ake kira Pop Warner, da ke karɓar yaro tun yana ɗan shekara 5. Yau shekaru kusan 20 ke nan iyaye da likitoci da ƴan majalisa suna jayayya a kan ko ya dace a bar ƙananan yara suna wannan karo.

Abin da ya haddasa jayayyar shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar dawo cikin ƙwaryar nono. In aka bugi ƙwaryar, ko ba ta fashe ba, dawon sai ya bugi gefenta. Hular kwano tana hana ƙoƙon kai fashewa, amma ba ta hana abin da ke ciki motsi. Yaro kuwa ya fi babba shiga haɗari, domin wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa ya yi wa jikinsa girma, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba.

A watan Oktoba na 2006, a jahar Washinton, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugi ƙasa da kai ana tsakiyar wasa. Bai suma ba, sai aka fid da shi ya ɗan huta, daga baya aka maida shi fili. Da aka tashi wasa ya yanke jiki ya faɗi, jini ya tarun masa a ka. An yi masa aiki ya tsira da rai, amma sai da ya yi wata 9 bai furta kalma ɗaya ba. A 2009 jahar ta kafa doka da sunansa: duk yaron da ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a fid da shi nan take, kuma ba zai koma ba sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 dukan jahohin Amurka 50 sun yi irin wannan doka.

Sai dai babban bugu guda ba shi kaɗai ne matsalar ba. A 2002 wani tsohon gwanin wasan, Mike Webster, ya mutu yana da shekara 50, bayan ya daɗe yana fama da mantuwa da ruɗewa. Likitan da ya binciki gawarsa a birnin Pitsbag, Bennet Omalu, haifaffen Najeriya, ya gano wata cuta da ake kira CTE, wadda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda yawan bugu. A 2017 masana na jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan wasan babbar gasar ƙasar 111 da suka mutu, suka tarar da cutar a 110. Ya kamata mai karatu ya lura cewa iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da gawa a bincika, saboda haka wannan adadi ba na dukan ƴan wasa ba ne. Amma bincike ya nuna cewa yawan shekarun wasa shi ke ƙara haɗarin, kuma wanda ya fara tun yana ƙarami ya fi kowa tara shekaru.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya bugun a 2021. Tsakanin yara ƴan shekara 6 zuwa 14, mai wasan karo yana shan bugu a ka kamar sau 378 a kakar wasa guda. Mai wasan ƙyalle kuwa, wanda ake fizge masa ƙyallen ɗamara maimakon a kayar da shi, sau 8 kawai.

Duk da haka ba a hana wasan ba. A 2012 Pop Warner ta rage lokacin karo a wurin horo zuwa kashi ɗaya cikin 3. A 2024 wasu ƴan majalisar jahar Kalifoniya suka nemi a haramta karo ga yaran da ba su kai shekara 12 ba, gwamna Gavin Newsom ya ce ba zai sa hannu ba. Masu kare wasan suna cewa yana koya wa yaro ladabi da juriya, kuma shi ne hanyar da ɗan talaka ke samun karatun jami'a kyauta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma yaro ɗan shekara 8 ba shi ne ke auna riba da hasara ba, manya ne ke auna masa.

Ko da yake ba a wannan wasa a Maraɗi ko Damagaram, yara suna gwara kai a filin balo, suna faɗuwa a fagen kokowa da kan babur, kuma ƙwaƙwalwa ɗaya ce. Mafi yawan waɗanda tasu ta girgiza ba sa suma. Alamun su ne ciwon kai, jiri, amai, gani dishi-dishi, da maimaita tambaya ɗaya. Yaron da ya nuna ɗaya daga ciki ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse lafiyarsa lau. In aman ya yawaita, ko barci ya rinjaye shi har ana tashinsa da ƙyar, sai asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Ƙashi in ya karye akwai maɗori, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da shi. Allah ya tsare.