WAYA A ALJIHUN ƊAN CI-RANI: MAGATAKARDA CE KO ƊAN SANE?

Dattawanmu da suka riga mu sauka Kurmi ba za su manta da zamanin da mutumin Minna mazaunin Agege, ko Sabo ta Badun, idan yana so ya aika da saƙo gida, sai ya nemi magatakarda ya rubuta masa wasiƙa ba, sa'an nan ya tafi tasha ya jira jirgin ƙasa ko wani direban da ya amince da shi. Kuɗi kuwa sai a ƙulle a damƙa wa ɗan amana, a zauna ana zullumi har amsa ta iso. Tun daga watan Agusta na 1 ga ƙarnin nan, watau shekarar 2001, da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, duk wannan ya zama labari. Yau magatakarda da gidan waya da ɗan aike sun taru cikin abu guda a aljihun mutum. Abin da ya rage shi ne kowa ya tambayi kansa, shin wannan baƙo aiki yake yi mini, ko kuwa aljihuna yake lalube?

A ganinmu manhajojin da ake cika waya da su kashi uku ne. Akwai mai yi maka aiki, akwai mai ɗebe maka kewa, akwai kuma mai cin guminka. Na farko a riƙe shi da kyau, na biyu a auna masa lokaci, na uku kuwa a kore shi tun bai zauna ba.

Bari mu fara da masu aiki. Ɗauki misalin mai fataucin doya wanda ake loda masa kaya daga Gwada ko Paiko, ana sauke masa a kasuwar Mile 12 a Ikko. WhatsApp, wadda aka ƙirƙira a 2009, ta yi masa rana ƙwarai, domin ko bai yi boko ba yana iya aika murya, a nuna masa hoton kaya, a yi ciniki kafin mota ta bar Jihar Neja. Amma lalle a sani WhatsApp ba littafin bashi ba ce. Maganar kuɗi da aka yi cikin murya takan nutse a tsakanin gaisuwa da hotunan biki, ranar da gardama ta tashi a yi ta nema a rasa. Don haka muna ba da shawarar Google Keep, inda za a rubuta sunan mai bashi da ranar karɓa da adadin kuɗi, da kuma Google Calendar, wadda za ta buga maka ƙararrawa ranar zubin adashi, da ranar biyan haya, da lokacin kuɗin makarantar yara a Bosso ko Chanchaga. Dukansu kyauta ne, kuma ƙaramar Tecno ko Itel ta zamani tana ɗaukarsu.

Sai manhajojin tura kuɗi. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya san yadda OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga kasuwanninmu, har mai shayi da mai nama suka koyi karɓar kuɗi ta waya. Amfaninsu a fili yake, amma da sharaɗi. Kada ka saki kaya don an nuna maka saƙon shigar kuɗi, sai ka buɗe asusunka ka gani da idonka. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka, ko da ya ce daga banki yake kira. Har ila yau, tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya ɗora asusunsa a kan layin da aka yi rajista da sunan wani, ya gina ɗaki ne a filin da ba nasa ba.

Duk da haka kada a yar da littafi da alƙalami. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook sun ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen sa'a shida. A watan Satumba na wannan shekara an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Mutanen Minna ma sun sani, ko da yake madatsun Kainji da Shiroro a jiharsu suke, wannan bai hana waya mutuwa don rashin caji ba. Ga kuma 'yan fizge a tashoshin mota. Saboda haka duk babban bashi a rubuta shi wuri biyu, a waya da takarda, da shaida.

To, sai wasa. Mu ba ma cikin masu cewa wasa aikin banza ne. Kakanninmu sun yi dara a gindin bishiya, gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma ba wanda ya ce sun lalace. Maigadin da ke kwana a ƙofar wani a Fatakwal, ko ɗan kasuwar da ya wuni a tsaye, yana da hakkin ya huta. Ludo King, wadda ta fito daga Indiya a 2016, tana iya haɗa yaya da ke Anacha da ƙanensa da ke Tunga su yi wasa kamar suna zaure ɗaya, wannan kuwa zumunci ne. Whot da Candy Crush su ma suna rage dare. Sai dai kowane abu da ma'auninsa. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, watau zaman wasa a intanet ba kyauta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2019 ta sa jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtuka. Alamar mai sauƙi ce: idan mai saye ya tsaya yana sallama kai kana kan waya, to wasa ya wuce gona da iri.

A kashi na uku ne gizo ke saƙa. Akwai manhajojin da suka sa rigar wasa alhali caca ce tsagwaronta, ko ta ƙwallon Turai, ko ta ɗan jirgin nan da ke tashi ana jira a cire kuɗi kafin ya ɓace. Ka'idarmu guda ce: duk wasan da ya ce ka zuba kuɗi don ka ci kuɗi, ba wasa ba ne. Ga lissafi. In mutum ya haɗa wasanni 10 a takarda guda, ko da a ce kowanne rabi-da-rabi ne tsakanin ci da faɗuwa, damarsa ta cinye duka ita ce 1 cikin 1,024. Kamfani ya san wannan lissafi, shi ya sa yake tallata wanda ya ci, ba ya nuna sauran. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Caca kuwa ƙawarta ita ce manhajar bashin gaggawa. Wanda ya zubar da kuɗin cefanen gida yakan ruga can don ya rufe ɓaraka, ya ba su izinin shiga lambobin wayarsa ba tare da ya karanta ba. Ranar da ya makara, sai saƙon cin mutunci ya isa ga surukinsa a Limawa da limamin unguwarsu. Abin ya yi muni har a watan Maris na 2022 hukumar kare hakkin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Ikko, a 2023 kuma Google ta hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma mutuncin da ya zube, doka ba ta kwashe shi.

Wani zai ce, ai kuɗinsa ne, wayarsa ce, ina ruwan jarida? Muna amsa masa da cewa kuɗin ɗan ci-rani da masu shi. Akwai tsohuwa da ke jiran magani, akwai gona da ke jiran taki, akwai iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Shiroro da Munya suka fake a Minna, idonsu na kan ɗan da ke Kudu. Ba don ya ciyar da kamfanin caca ya bar gida ba.

Saboda haka muna kira ga ɓangare uku. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, don haka Majalisar Dokokin Jihar Neja da takwarorinta su sa ido sosai kan abin da ke shiga wayoyin samari. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa a Kudu su riƙa ta da wannan magana a taronsu, su kuma ƙarfafa adashi da asusun taimakon juna, don mai buƙata ya sami inda zai ranta ba a tozarta shi ba. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, su kuma muna ƙalubalantarsu da su ƙera mana littafin bashi na waya mai magana da Hausa da Nufanci da Gbagyi, wanda ɗan kasuwar Kure da na Mile 12 za su iya aiki da shi ba tafinta.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, daren yau ka buɗe wayarka ka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kowacce abin da ta ƙara maka a watan nan da abin da ta rage maka. Wadda ta kasa ba da amsa, ka goge ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sa a koma gida da alheri, amin.